Kafin Ki Haɗiyi Ƙwayar Man Kifi

Ɗiyata,

 Saƙonki ya iso ni a nan Gwarzo. Na ji cewa cikin ya shiga wata na bakwai, mai gidanki ya dawo daga Kano da kwalbar ƙwayoyin man kifi, wai mai kyamis ya ce masa su ake ba masu juna biyu don jariri ya fito da kaifin ƙwaƙwalwa. Na kuma ji Hajiya surukarki ta ce kada ki kuskura, ɗa zai yi girma a ciki ya ba ki wuya ranar haihuwa. Kin rasa maganar wa za ki ɗauka, ga kunyar suruka, ga gudun ɓata wa miji rai.

Da farko ki kwantar da hankalinki, domin su biyun ƙaunarki ce ta sa su magana. Kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya, sai dai babu wanda ya riƙo ta duka. Ni kuma da na tsufa a aikin ungozoma, zan faɗa miki abin da masu bincike suka gano da abin da ya dace da zamanmu na nan, ki auna da kanki, ki kuma tafi da shi wurin malamar awo.

A jikin kifi akwai wani mai da ake kira omega-3. Iri biyu daga cikinsa su ne ake magana a kai, masu suna DHA da EPA. Jikin mutum ba ya iya ƙera su da yawa da kansa, sai dai ya samu daga abinci. DHA yana cikin kayan da ake gina ƙwaƙwalwa da ƙwayar ido da su, kuma a watanni ukun ƙarshe na ciki ne jariri ya fi ɗibarsa, yana jansa daga jininki ta mabiyiya. In kin haihu kuma ya ci gaba da samu ta nono. Don haka mai kyamis bai ƙirƙiri maganar daga iska ba. Amma buƙatar jiki daban, amfanin ƙwayar da ke cikin kwalba daban, kuma a nan ne ake yi wa mutane ciniki da rabin magana.

Asalin zancen ya faro ne daga tsibiran Faro, can cikin teku a arewacin Turai, inda kifi ne abincin yau da gobe. A shekarun 1980 wani likita mai suna Olsen ya lura cewa jariran can sun fi na Denmak nauyi, kuma cikin matan yakan ɗan fi daɗewa kafin naƙuda. Ya yi zargin man kifin da suke ci ne. Daga nan aka shiga gwaje-gwaje a ƙasashe da dama, ana raba mata masu ciki gida biyu, a ba waɗannan man kifi, a ba waɗancan wani mai na daban, a jira a ga abin da zai bambanta.

A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace, ta haɗa gwaje-gwaje 70 da suka shafi mata 19,927. Abin da ya fi fitowa fili shi ne maganar bakwaini. Haihuwa kafin mako 37 ta ragu daga kashi 13.4 zuwa kashi 11.9 cikin 100. Haihuwa kafin mako 34, wadda ita ce mai haɗari sosai ga jariri, ta ragu daga kashi 4.6 zuwa kashi 2.7. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin Najeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan haihuwar bakwaini a duniya, kuma kin san yadda kwalbar renon jarirai take da wuyar samu ga mutumin ƙauye. Sai dai wannan tacewar ta nuna wani gefen: cikin da ya zarce mako 42 ya ƙaru daga kashi 1.6 zuwa kashi 2.6.

Shekara ɗaya bayan haka, a 2019, aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Ostireliya da mata sama da 5,500. A can ba a ga raguwar a zo a gani a haihuwar bakwaini ba. Da masu binciken suka koma suka duba jinin matan da aka ɗiba tun farkon ciki, sai suka gane inda gizo yake saƙa. Matan da jininsu yake da ƙarancin omega-3 sun amfana. Waɗanda dama suke da isasshe ba su ƙaru da komai ba, har ma akwai alamar ƙarin ya iya jawo musu abin da ake gudu. Ke 'yar manoma ce, kin san taki a gonar da ta gaji yake nuna aikinsa, gonar da ta ƙoshi kuwa in an ƙara mata sai ta ƙone shuka. Haka man kifi yake. Cike giɓi yake yi ga wadda take da giɓin.

Akwai kuma gwajin da ya fi shahara game da ƙarshen ciki, wanda aka yi a Denmak ƙarƙashin jagorancin Farfesa Hans Bisgaard, aka wallafa a 2016. Mata 736 aka ɗauka daga mako na 24, wato wajen wata na shida. Rabi suna shan giram 2.4 na omega-3 kullum, rabi suna shan man zaitun, har zuwa mako ɗaya bayan haihuwa. Aka bi yaran shekara da shekaru. A cikin 'ya'yan masu shan man kifi, kusan 17 cikin 100 ne suka yi fama da asma ko yawan ƙarar ƙirji. A ɗaya ɓangaren kuwa kusan 24 ne. A nan ma 'ya'yan matan da suke da ƙarancin man a jininsu su ne suka fi cin riba. Da aka ci gaba da auna yaran, an ga sun ɗan fi takwarorinsu nauyi, da tsoka da ƙashi da kitse gaba ɗaya. Amma da suka kai shekara 10, sai aka ga ƙiba ta ɗan fi yawa a cikinsu. Kin ga ko abu mai amfani yana da iyakarsa.

Yanzu maganar kaifin ƙwaƙwalwa, wadda da ita aka sayar wa mai gidanki kwalbar. An gwada wannan ma a Ostireliya, da mata 2,399, aka fitar da sakamako a 2010. An auna fahimtar yaran da maganarsu suna da wata 18, aka sake aunawa suna da shekara 4, da kuma shekara 7. Ba a samu bambancin a zo a gani ba tsakanin 'ya'yan waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. Basirar yaro tana tafiya da abubuwa da yawa: uwa mai isasshen jini, gishiri mai sinadarin aidin, nono zalla na wata shida, kariya daga zazzaɓi, da uwa mai yi masa magana da wasa. Ba a sayen ta a kwalba.

Ita kuma Hajiya, kada ki raina maganarta. Ta ga mata sun kwana biyu suna naƙuda, ta ga waɗanda suka fito da yoyon fitsari, tsoronta yana da tushe. Gaskiya ne man kifi yakan ɗan ƙara wa jariri nauyi, amma a lissafin masu binciken ƙarin bai kai giram 100 ba a matsakaici, kuma wani ɓangarensa daga 'yan kwanakin da cikin ya ƙara ne. Abin da ke kawo doguwar naƙuda yawanci shi ne ƙugun uwa da bai buɗe sosai ba, ko kwanciyar jariri ba daidai ba, sannan a zauna a gida ana jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Mace ta rage cin abinci don ɗa ya fito ƙarami, wannan kanta take cuta, domin za ta shiga naƙuda ba jini ba ƙarfi, jaririn kuma ya fito ba ƙwari. In za ki faɗa wa Hajiya haka, ki faɗa da ladabi, ko ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji daga bakin ma'aikaciya. Magana takan fi shiga in ta fito daga wanda ba suruka ba.

Ga abin da nake so ki yi tun yau. Ɗauko kwalbar ki duba rubutun jikinta, ko ki ba mai gidanki ya karanta. Man kifi iri biyu ne a kyamis, kuma mutane suna rikita su. Akwai wanda aka matso daga naman kifi, shi ne wanda aka yi duk gwaje-gwajen nan da shi. Akwai kuma man hantar kifi, irin wanda iyayenmu suka saba ɗura wa yara da cokali. Wannan na biyun cike yake da bitamin A, wanda ke taruwa a jiki, kuma in ya yi yawa yana iya lahanta halittar jariri, musamman a watannin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai ciki ta wuce ma'aunin IU 10,000 na bitamin A a rana. In kin ga hanta ce a rubuce, ki ajiye shi, ba naki ba ne yanzu. Bitamin A da ke cikin zogale da karas da kabewa da manja ba shi da wannan matsalar, ki ci abinki.

In na naman kifi ne, ki duba abu huɗu. Ki nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ki duba yawan DHA da EPA, kada babban adadin da ke gaban kwalba ya ruɗe ki, domin ƙwaya mai miligiram 1,000 ta gama-gari takan ƙunshi EPA 180 da DHA 120 ne kawai, sauran wani mai ne. Masana sun ce mai ciki tana buƙatar aƙalla miligiram 200 na DHA a rana. Abin da matan Denmak suka sha kuwa ya kai ƙwaya takwas irin waɗannan kullum, ƙarƙashin kulawar likitoci, don haka kada wani ya ce miki ki kwaikwaye su a ɗaki. Na uku, ki fasa ƙwaya ɗaya ki sansana. Man kifi ba ya jure zafi, kwalbar da ta sha zafin bazara a kan kanta takan lalace, in kin ji wari mai kaifi ki zubar. Na huɗu, ɓawon ƙwayar da jelatin ake yinsa, wani daga kifi, wani daga saniya, wani daga alade. Musulma tana da haƙƙin ta san wanne ne, kuma kamfanoni da yawa suna rubutawa.

Bayan kin duba duk wannan, ki sa kwalbar a jaka ki tafi da ita awo. Ki faɗa wa malamar sau nawa kike cin kifi a mako, ko kin taɓa ɓari ko haihuwar bakwaini, ko kina shan wani magani, musamman mai tsinka jini. Ita za ta ce ki sha ko ki bari, da yawan da za ki sha, da lokacin da za ki tsaya. Masu ba da shi don rigakafin bakwaini sun fi son a fara tun kafin ciki ya kai rabi, don haka a wata na bakwai ba abin gaggawa ba ne da za ki haɗiya a daren nan.

Abin da ya fi kusa da hannunki shi ne tukunya. Allah ya hore mana ruwa a yankin nan, ga madatsar Guzuguzu, ga ta Magaga, ga babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, masunta suna fito da tarwaɗa da karfasa. Kifin ruwanmu abinci ne mai kyau, yana gina jiki, yana da sauƙin narkewa. Sai dai ban ɓoye miki ba, tarwaɗa da karfasa ba su da omega-3 da yawa. Waɗanda suka fi shi su ne kifayen teku masu maiƙo, kuma abin mamaki su ne waɗanda ake gani na talaka: kifin ƙanƙara irin su taitus da shawa, da sadin na gwangwani. In kina samun yanka kamar tafin hannunki sau biyu ko uku a mako, wato giram 225 zuwa 340, kuma ɗaya ko biyu daga ciki na mai maiƙon ne, to kin samu abin da ake nema a kwalba, haɗe da sinadarin gina jiki da bitamin D da aidin da ƙwayar ba ta da su. Sadin da ake ci da ƙashinsa har da sinadarin ƙarfafa ƙashi yake bayarwa.

Za ki iya jin ana cewa kifi yana da gubar makuri mai cutar da ƙwaƙwalwar jariri. Wannan gargaɗin ya shafi manyan kifayen teku ne masu cin 'yan uwansu, irin su kifin shak, waɗanda ba ma ganinsu a kasuwar Getso ko ta Kabo. Taitus da shawa da sadin da tarwaɗa da karfasa duk suna cikin masu ƙarancinta. Abin da ya kamata ki yi hattara da shi a nan daban ne. Kifin ƙanƙara da ya narke aka sake daskarar da shi saboda ɗaukewar wuta, za ki gane shi da laushin jiki da wari, ki bar shi. Banda kuma, akwai masu fesa mata maganin ƙwari irin su fiya-fiya don kada ta yi tsutsa. Ki saya wurin wanda kuka sani, ki sansana, ki wanke da ruwan zafi sosai. Ki dafa kifi ya nuna har ciki. Farfesu, ko sa shi a miyar kuka da ta kuɓewa da faten wake, ya fi riƙe mansa a kan suyar da ake yi har ya ƙame. Ranar da babu kifi, ƙwai yana da ɗan DHA, awara da waken suya ma suna da wani nau'in omega-3, ko da yake kaɗan ne jiki yake iya juyawa daga cikinsa.

Wannan sakin layin na mai gidanki ne, ki miƙa masa. Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da iyalinka a kasuwa. Amma ka lissafa kuɗin kwalbar nan, ka ga kifi nawa zai saya a wata. Sannan ka duba al'adarmu ta rabon miya, inda tsoka take tafiya kwanon maigida, mai ciki ta ƙare da romo da kai. A watannin nan ka juya rabon da bakinka, domin ita ba za ta roƙa ba. Ka tanadi kuɗin mota da lambar mai motar da za ka kira ko da tsakar dare, ka san wanda zai iya ba ta jini, ka kuma ba ta izini tun yanzu cewa in abu ya taso ba ka nan, ta tafi asibiti ba sai an jira ka ba.

Na dawo gare ki. Abin da ke kashe mata a wurin haihuwa a ƙasarmu sanannu ne: zubar jini, jijjiga, zazzaɓi bayan haihuwa, da naƙudar da ta tsaya. Babu ɗaya daga cikinsu da man kifi yake hanawa. Abin da ke tare su yana ɗakin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas, kuma yawancin zuwan a watannin ƙarshe ne, inda kike yanzu. A can za a auna hawan jininki da fitsarinki, a duba kwanciyar jariri. Ki riƙe maganin ƙarin jini kullum, ko da ya sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne, sai dai kada ki kora shi da shayi don yana rage shigarsa jiki. Ki karɓi ƙwayoyi ukun nan na rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk wata, ki kwana cikin gidan sauro, ki cika allurar sandarewar jarirai. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da ciwon sanyin fitsari su kansu suna jawo bakwaini. Na sha ganin mace tana shan ƙwaya mai tsada daga kyamis tana barin ta asibiti a ƙarƙashin katifa, don tana ganin abin da aka ba ta a sauƙaƙe ba shi da daraja.

Idan kuma ƙirjin jaririn kike tunani, ki tuna yaran Denmak ba a goye su a gaban murhu. Hayaƙin itace da na kara a ɗakin girki marar taga, da hayaƙin maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta a ɗakin jego a rufe, da ƙurar hunturu, su ne ke shaƙe namu. Ki yi girki a inda iska take wucewa, in kin haihu ki nisanta shi da hayaƙi. Kada kuma a ɗura masa man kifi da cokali yana jariri, yana iya shaƙa ya tafi huhu. Ke ki ci kifin, shi zai samu a nono.

Ki haddace waɗannan, ki kuma faɗa wa duk wanda kuke gida ɗaya: ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jini ko da kaɗan ne, fashewar faya kafin lokaci, ciwon mara mai zuwa yana dawowa alhali wata bai cika ba, zazzaɓi, ko jin motsin jariri ya ragu. Duk wanda kika gani a ciki, ba a jiran gari ya waye. Ki nufi asibitin Kabo ko Babban Asibitin Gwarzo, wanda ya fi kusa, da katinki a hannu.

In an yarda ki zo goyon ciki, ɗakinki yana nan a share, kuma ki taho da katin awonki don a ci gaba a nan ba tare da yankewa ba. Ki gaida Hajiya da kyau, ki ce ina yi mata ban gajiya da ɗawainiya. Allah ya raba ku lafiya, ya sauƙaƙa miki naƙuda, ya raya abin da za ki haifa bisa tafarkin Musulunci.

Taki,
Goggo